Bututu Marar Ɗinki

Shekara uku Mai Agogo da Autarsa suka yi suna haɗa motar nan a garejin gida, kuma a duk shekara ukun babu wanda ya kai shafin ƙarshe na littafin da ya zo da ita. Irin motar nan ce da ake saya gunduwa-gunduwa cikin akwatunan katako, mutum ya haɗa abarsa da hannunsa: kujera biyu, babu rufi, gajeriya sai ka ce an danne ta. Sai da suka ɗaure noti na ƙarshe, inji ya tashi, maƙwabta suka fara leƙe ta katanga, sannan Auta ta buɗe shafin ta karanta wa ubanta. Wai kamfani yana ba da haƙuri, ƙarfen kare kai ba ya cikin akwati, mai saye ya nemi nasa.

Ƙarfen kare kai bututu ne da ake lanƙwasawa kamar baka, a kafa shi bayan kujeru ya zarce kan direba, domin in mota ta kife shi zai daki ƙasa, ba ƙoƙon kan mutum ba. Littafin ya gindaya sharaɗi uku. Bututun ya zama marar ɗinki, ya zama guda ɗaya babu haɗi, kuma a lanƙwasa shi da inji, kada a kusanta masa wuta.

Mai Agogo ya cire tabarau ya ce ai ko babu ƙarfen za a iya ɗan zagayawa a hankali. Bai rufe baki ba Maman Auta ta amsa daga bakin ƙofa. Nas ce, shekara ashirin da shida ta yi a ɗakin 'yan haɗari, ba ta da wasa a irin wannan magana.

"Ni na san yadda kai yake komawa in mota ta kwanta a kansa, da hannuna na wanke. Motar nan ba za ta taka titi da 'yata ba sai da ƙarfen nan. Kai in kana so ka hau, ga hanya."

To, matsalar ita ce lokaci. Auta ta sami aiki a wata ƙasa mai nisa, na shekara uku, kuma jirginta Lahadi ta sama da ta sama zai tashi, kwana goma sha biyar ke nan. Tun ranar da suka fasa akwatin farko ya yi mata alkawari ita za ta fara tuƙa motar, kafin shi, kafin kowa. Ta kuwa cancanta. Ita ta ja wayoyin motar gaba ɗaya, ita take zura siririn hannunta inda nasa ba ya shiga, ita take haƙuri da faɗansa in ta ajiye sifana ba a mazauninta ba. Yarinyar da ta ba shi Asabar ɗinta ta shekara uku, a ce ta tafi ba ta juya sitiyarin ba? Wannan kam Mai Agogo bai ga yadda zai haɗiye shi ba. Ita tana fama da takardu da gwajin asibiti da sallamar dangi, don haka shi kaɗai ya rufe shagonsa na gyaran agogo ya nufi kasuwar ƙarfe.

Mutumin da ya shekara arba'in yana aiki da abin da sai da gilashin ido ake ganinsa, a kai shi cikin masu sayar da ƙarfe, ai an haɗa shi da hawan jini. Babu rumfar da aka ce masa babu. Kowa cewa yake, "Marar ɗinki? Akwai, Baba, zauna." Sai a jawo bututu a dire masa a gaba, shi kuma ya zura yatsa ciki ya shafa, ya ji layin walda ya miƙe tun daga baki har inda yatsa ya tsaya.

"Wannan fa da nake ji?"

"Ai wannan ba ɗinki ba ne, Baba, layi ne kawai."

Wani ya tambaye shi riga ya zo saye ko ƙarfe. Wani ya kawo masa bututun ruwa ya rantse da shi ake yin na motocin tsere. Wani kuma, da fuskarsa ta mai ba da shawara tsakani da Allah, ya ce a ɗauki na ruwan a ɗura masa siminti, ko tirela ce ta hau ba zai lotse ba. Mai Agogo ya dube shi, ya yi tsaki ya wuce. Kwana huɗu yana wannan yawo, yatsansa ya yi baƙi da tsatsa, takalminsa ya cika da garin ƙarfe.

A rana ta biyar wani mai tura baro ya nuna masa wani gidan gwangwan, inda ake tara tsofaffin ƙarafa, a bayan tsohuwar masana'anta. Mai wurin wata dattijuwa ce, tana zaune kan kujerar mota da aka cire, tana shan shayi. Bai gama bayani ba ta ce, "Na tukunyar tururi kake nema. Da ka faɗa tun farko." Ta sa aka jawo masa guda ɗaya daga ƙarƙashin tarin tarkace. Ya zura yatsa, ya ji sumul kamar cikin kofi. Ya auna kauri, daidai. Ya auna tsawo, mita uku da 'yan kai, abin da yake buƙata da rarar da ba ta wuce tafin hannu ba. Har ya ji kamar ya durƙusa ya gaishe ta sabuwa.

Ta ce, "Ka lallaɓa shi, ba shi da ƙane. In ka ɓata shi kada ka dawo min."

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Samun bututu daban, samun mai lanƙwasa shi daban. Mai ƙera gadajen asibiti yana da injin, amma bakin injinsa ya yi wa bututun kaɗan. Mai kujerun makaranta ya yi tafiya, ba a san ranar dawowarsa ba. Na uku injinsa ya lalace tun bara, yana nan lulluɓe da tamfol, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Kwana uku suka sake tafiya a haka, Mai Agogo yana yawo da bututu ɗaure a kan motar haya kamar mai neman inda zai binne shi.

Kawun Auta, ƙanen matarsa, shi ya kawo maganar Ba-Matsala. Ba-Matsala mai walda ne, ya yi suna wajen ƙera ƙofofin gidaje, kuma ya sami laƙabinsa ne don duk abin da aka ce masa amsarsa ke nan. Shagonsa rumfar kwano ce a bakin titi, ƙofofi jingine ko'ina, masu furanni, masu taurari, masu tsinin mashi a sama. Shi kansa yana tsugune yana walda da baƙin tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya. Mai Agogo ya zo da faifan katako da ya yanka daidai siffar da yake so, da takarda mai awo har na rabin milimita. Ba-Matsala ya karɓi takardar ya sa a aljihu bai duba ba, ya auna bututun da taƙi.

"Taƙi goma sha huɗu. Ba matsala, Baba."

"Kana da injin lanƙwasawa?"

"Abokina yana da shi, sabo fil. Gobe zan kai masa."

"Ka saurare ni da kyau. Kada ka yanka shi. Kada ka sa masa wuta. Walda a ƙafafunsa kawai za ka yi, inda farantin ɗaure shi da jikin mota zai zauna. 'Yata ce za ta zauna a ƙarƙashinsa."

"Allah ya raya ta. A sa mata ɗan fure a tsakiya? Ko tauraro? Kyauta zan yi."

"Kada ka sa komai."

"Ba matsala."

Zuciyarsa ba ta kwanta ba, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Ya bar bututun ya tafi yana waiwaye. Litinin aka ce gobe. Talata aka ce babu wuta a unguwar abokin. Laraba aka ce abokin ya kai matarsa awo. Alhamis wayar Ba-Matsala a kashe, shagon kuma a rufe, Mai Agogo ya tsaya a rana yana zagin ƙofofi masu furanni ɗaya bayan ɗaya. A gida kuwa Maman Auta ba ta taimaka ba, cewa ta yi dama ba a fafe gora ranar tafiya, shekara uku suna da littafi a hannu sun kasa karanta shi zuwa ƙarshe. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ma abin ya fi ƙona masa rai.

Ranar Juma'a da la'asar sai ga Ba-Matsala a ƙofar gida da a-kori-kura, ya naɗo ƙarfen cikin bargo kamar jariri. Aka warware bargon. Baƙin fenti yana ɗaukar ido, kwanar hagu da ta dama sun lanƙwasu sumul babu ko tabo. Mai Agogo ya ɗora faifan katakonsa, ya zauna cif. Ramukan faranti suka hau kan na jikin mota ba tare da an gurza ko ɗaya ba. Shi da Auta suka ɗaure shi, Maman Auta ta zo ta kama da hannu biyu ta girgiza har motar ta yi rawa, ƙarfe bai motsa ba.

Ta ce, "Gobe ta hau." Mai Agogo ya ji kunyar zagin da ya yi wa ƙofofin mutum, har ya raka shi bakin titi yana sa masa albarka.

Da safiyar Asabar ya shiga gareji shi kaɗai don ya ƙara bin notuna. Wani ɗan noti ya suɓuce masa ya faɗa bayan kujera, ya ciro ɗan maganaɗisun da yake tsintar ƙananan kusoshin agogo da shi, ya kamo shi. Don ya sami hannu, sai ya manna maganaɗisun a kwanar ƙarfen. Ya faɗo. Ya ɗauka ya sake mannawa, ya sake faɗowa. Ya kai shi kan miƙaƙƙen wurin, ya kama gam. Ya dawo da shi ɗaya kwanar, ya zame ya faɗi kan kujera.

Maganaɗisu ba ya ƙin ƙarfe. In ya ƙi, to abin da ke ƙarƙashin fentin ba ƙarfe ba ne. Mai Agogo bai ce wa kowa komai ba, ya zura takalmi ya fita.

Ya tarar da Ba-Matsala yana shafa wa wata ƙofa ruwan zinari. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Me ka yi wa kwanonin ƙarfena?"

Maimakon ya tsorata, sai fuskar mutumin ta washe, irin ta wanda aka daɗe ba a yaba wa gwanintarsa ba.

"Kai, Baba, idonka ido ne. Wallahi kai ne na farko da ya taɓa ganewa. Injin abokin nawa ashe ya sayar. Na ce ba zan ba ka kunya ba. Sai na yi masa yadda muke yi wa bakan ƙofa: kowace kwana na yanka ta biyar, na karkata, na bi da walda, na gurje waldar har ta kwanta, na shafe da fila irin ta masu gyaran jikin mota, na bi da fenti hawa uku. Kwana biyu na rufe shago a kansa."

"Ka yanka shi."

"Yanka mai tsabta."

"Sau goma."

"Amma ka ga alama? Ko Mama da take nas ba za ta gane ba."

Mai Agogo ya matso kusa da shi. Ya ce, "Na ce maka kada ka yanka. Da bakina na faɗa maka, a nan wurin, kana tsugune. Waldar ma da za ta riƙe shi ka gurje ta don ta yi kyau. Ƙofa ka ɗauka na kawo maka? Ƙofa tana kifewa da mutum a ciki?"

"To Baba, wa zai kifar da mota? Ai ba fata ake ba. Yarinya ta ɗan zagaya ta dawo, ba matsala."

Abin haushin, babu mugunta ko ƙwayar zarra a fuskar mutumin. Shi a ransa alheri ya yi, har mamaki yake da ba a gode masa ba. Ina amfanin faɗa da wanda bai san ya yi laifi ba? Bututun da ba shi da ƙane ya riga ya zama gunduwa goma sha ɗaya. Mai Agogo ya juya ya kama hanyar gida a ƙasa, ko abin hawa bai nema ba.

A hanyar ce maganar banzan nan ta Ba-Matsala ta fara yi masa daɗi a kunne. Wa zai kifar da mota? Titin bayan masana'anta a miƙe yake, ranar Asabar ko akuya ba ta bi. Minti ashirin kawai. Zai zauna kusa da ita, ba zai bari ta wuce giya ta uku ba. Tana da hular kwano. Gobe ta tafi da farin cikinta, jibi ya kwance ƙarfen ya jefar, ya nemi na gaske a tsanake, babu wanda zai taɓa sani. Shi da ya ce ko babu ƙarfen ma a zagaya, yanzu da akwai rabinsa ai an ci gaba. Kafin ya iso gida ya gama shawo kan kansa, har ya saya wa Auta ruwan sanyi a kanti.

Ya same ta a gareji ta riga ta shirya, ta ɗaure gashi, ta sa takalmi mai igiya. Uwarta ta fito da waya za ta ɗauki hoto, Kawu ma ya zo yana ta cika baki shi ya samo mai walda. Mai Agogo ya miƙa wa Auta makulli. Da hannunsa ya buɗe ƙofar gareji, ya je ya buɗe ta waje, ya sa dutse ya tokare. Ya dawo ya tarar ta zauna, ta ɗaure bel, ta sa hula, ta tada inji. Ta fi shi tsawo, ta gado dangin uwarta, kuma da ta gyara zama sai ya ga saman hularta ya tsaya daidai ƙarƙashin kwanar hagu, tsakaninsu bai fi yatsa uku ba. Ta ɗago ta yi masa murmushi ta daki kujerar gefe, wai ya shigo.

Ya kama murfin motar. Ya tsaya. Bai shiga ba.

"Kashe," ya ce.

"Baba?"

"Kashe injin ki fito, Auta."

Ta kashe ta fito. Ya je bango ya ɗauko guduma, ba babba ba ma, wadda suke daidaita ƙananan abubuwa da ita. Kawu ya fara cewa, "Yaya, lafiya?" Bai kula shi ba. Dukan farko fenti ya tsage. Na biyu fila ta ɓalle ta zubo kan kujera, fara fat kamar busasshen sabulu, sai ga layukan walda biyar a jere, an gurje su sun yi sirara. A duka na huɗu ɗaya daga cikinsu ya buɗe baki, har ana hango duhun cikin bututun. Hannun tsoho mai gyaran agogo ke nan, ba nauyin mota ba.

Maman Auta ta sauke wayar a hankali. Ta matso ta sa farce cikin tsagar, ta dubi mijinta. Kawu ya tuna yana da wani uzuri a gida.

Mai Agogo ya ce, "Yanka shi ya yi. Ba za ki hau ba. Ki yafe min, na kasa cika miki alkawari."

Ya zaci za ta yi kuka, ko ta yi fushi, ya ma shirya wa hakan. Sai ta tsaya tana kallon farin garin da ke kan kujera, ta ce, "Jiya da muke ɗaurewa na ji warin fila a jikinsa. Na san warin, ai ni na shafa ta a murfin baya."

"Kin ji? Me ya hana ki faɗa?"

"Na ce Baba ya fi ni ido. In akwai matsala shi zai fara gani. Tunda ka ba ni makulli, na ce to lafiya ke nan."

Gudumar ta yi masa nauyi a hannu, ya ajiye ta kan tebur. Tsoro ne ya kama shi a lokacin, irin wanda bai ji ba ko da maganaɗisu ya faɗo, da kunya a kansa.

Ta tambaye shi, "Sai yanzu ka gano yankan?"

Ƙarya tana nan kusa, kalma ɗaya ce, kuma babu mai tona shi. Uwarta tana tsaye tana jiran amsar ita ma.

"Tun da safe," ya ce. "Kafin in ba ki makullin."

Auta ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta gyaɗa kai, ta cire hular ta ajiye kan kujerar direba, ta ɗora makulli a ciki. Ta ce akwai sauran kayan da ba ta gama shiryawa ba, ta shiga gida. Uwarta ta bi bayanta.

Ya je ya cire dutsen ya rufe ƙofar waje, ya dawo ya ɗauki sifana ya kwanta ƙarƙashin motar don ya kwance ƙarfen. Ya kama notin farko ya murɗa. Notin yana juyawa tare da kusarsa, don babu mai riƙe ta daga sama. Bai kira kowa ba, ya ci gaba da murɗawa.